Ka sayi tsohuwar mota, ta fito da aibi: ina za ka?

Darasinmu na yau a kan cinikin mota ne.

A ce kai mutumin Tasawa ne ko Mayahi. Ka sayar da gero da wake, ka haɗa da shanu biyu, ka tafi Maraɗi wurin masu sayar da motoci. Ka biya, ka kamo hanya. Ba ka kai Cadawa ba inji ya yi zafi, ya tsaya. Makanike ya buɗe, ya ce an daɗe da liƙe shi.

To, kada ka yi faɗa. Kuma kada ka sa a gyara tukuna. Wanda ya gyara ya ɓata shaidarsa da hannunsa.

Aibi iri biyu ne. Akwai na fili, kamar tsohuwar taya ko fasasshen gilashi. Wannan ka gani da idonka, ka yarda, babu magana. Akwai ɓoyayye, wanda yake cikin motar tun kafin ciniki, kuma ya hana ta aiki. A kan wannan, dokar ƙasarmu da ake kira Code civil, aya ta 1641 da na bayanta, ta ba ka zaɓi: ko ka mayar da mota a ba ka kuɗinka, ko ka riƙe ta a rage maka. Amma doka ta ce a yi hanzari. In ka yi wata da watanni kana jigila da ita cikin rairayi, mai mota zai ce kai ka kashe ta. Wa zai ƙaryata shi?

Fara da dillalin da ya ci la'ada. Tafi da makanike da shaidun ciniki. Sau da yawa nan ake shiryawa. In ya ƙi, ku je gaban sarki. Doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu. Abin da aka shirya a rubuta, kowa ya sa hannu. In sulhu ya gagara, sai alƙali. Idan kuwa takardun na jabu ne, wannan zamba ce, jandarma za ka nufa.

Duk inda ka je, za a ce ina takardar ciniki. Ga amfanin karatun da kake yi. Duba sunanka, da kuɗin da ka biya, da kwanan wata. Duba lambar da aka buga a jikin mota, ka gwada ta da ta kartagiris, baƙi da baƙi, da kanka.