Singafo: Birnin da Ake Karanta Tarihinsa a Akushi

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba kowane matafiyi ne ke gane ƙofar da zai buɗe ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa baƙon da ya ziyarci Singafo ba zai fahimci zaman jama'arta ba sai ya zauna inda suke cin abinci.

Asalin Jama'a

Singafo tsibiri ce da ke ƙarshen kudancin Maleshiya. A 1819 wani Bature, Stamford Raffles, ya kafa wa Ingila tashar ciniki a wurin. Daga nan fatake da 'yan ƙodago suka yi ta kwarara daga Sin da Indiya da tsibiran da ke kewaye. Ta sami 'yancin kanta ranar 9 ga Agusta, 1965, bayan ta rabu da Maleshiya. Wajen kashi 3 cikin 4 na 'yan ƙasar Sinawa ne, sai Malayawa, sai Indiyawa. Harsunan hukuma huɗu ne: Ingilishi da Mandarin da Malayanci da Tamil.

Abin da Ido ke Gani

Gani ya kori ji. A titin South Bridge, cikin unguwar Sinawa, Masallacin Jamae yana maƙwabtaka da Sri Mariamman, wurin ibadar 'yan Hindu da aka kafa a 1827. Tafiya kaɗan daga nan akwai wurin ibadar mabiya Buda. A unguwar Kampong Glam kuwa, ƙubbar Masallacin Sultan ce ke yi wa baƙo maraba. Sai dai gini ba ya nuna fiye da cewa mutane na zaune kusa da juna. Ko suna cuɗanya, wannan sai a kasuwar abinci ake ganewa.

Kasuwar Abinci

A da, a bakin titi masu abinci ke kasa hajarsu. Daga 1971 zuwa 1986 hukuma ta gina musu rumfuna masu ruwa da tsabta, waɗanda yawansu ya haura 100. A nan baƙo zai tarar da shinkafa da kaza irin ta Sinawan Hainan, da nasi lemak, wato shinkafar da Malayawa ke dafawa da madarar kwakwa, da satay mai kama da tsire, da roti prata na Indiyawa.

Abin lura shi ne girkin da ba na ƙabila guda ba. Laksa, alal misali, taliya ce irin ta Sinawa a cikin romon kwakwa mai yaji irin na Malayawa, gadon zuriyar da auratayyar ɓangarorin biyu ta haifar. Haka kuma kowa na kiyaye iyakar ɗan'uwansa: da dama daga cikin masu sayar da halal suna da takardar shaida, kuma wurin mayar da kwanukansu daban yake, alhali teburi ɗaya ne.

Wannan zama bai samu a banza ba, domin zo mu zauna, zo mu saɓa. A 1964 rikici ya ɓarke tsakanin Sinawa da Malayawa har aka rasa rayuka. A 1989 hukuma ta ƙayyade rabon kowace ƙabila a gidajen gwamnati, don kada wata ta ware unguwarta.

Kammalawa

A 2020 UNESCO ta sanya wannan al'ada ta rumfunan abinci cikin gadon al'adun duniya. Duk da haka akwai abin fargaba: yawancin masu girkin sun manyanta, matasa kuma ba su cika sha'awar sana'ar ba saboda wahalarta. In murhun nan ya mutu, ba ɗanɗano kaɗai za a rasa ba, har da teburin da ke haɗa mai kuɗi da talaka, Basine da Bamalaye da Ba'indiye.