Na'urar Sauraren Sararin Samaniya da Amfaninta ga Jama'a

Muna son yi wa jama'a bayani kan wata na'ura mai kama da babban farantin satalayit, wadda masana ke kama igiyoyin rediyon da ke fitowa daga rana da sauran duniyoyi da ita. Ba ta buƙatar haske, don haka tana aiki dare da rana.

Da wannan fasaha masana a Amurka suka gano a 1955 cewa Mushtari na fitar da igiyoyin rediyo. A 1965 na'urar Arecibo, wadda ta rushe a 2020, ta nuna cewa Uɗaridu na juyawa sau ɗaya cikin kwana 59. Ghana ta buɗe tata a Kuntunse a 2017.

Abin da ya shafe mu shi ne, na'urorin suna lura da tartsatsin da rana ke yi, wanda kan katse shirye-shiryen gajeren zango da rana. Saboda haka, idan tashoshi suka ɗauke ba zato, a dakata na ɗan lokaci kafin a kai rediyo wurin mai gyara. Muna roƙon hakimai da dagatai su isar da wannan saƙo.