Mula-mula, tsuntsun dutse mai farar hula

Wanda ya taɓa tashi daga Zinder ya bi ta Tanut zuwa Agadas, ya kutsa duwatsun Abzin, da wuya a ce bai gamu da shi ba. Ka sauke kaya, ka hura gawayin shayi, sai ga ɗan tsuntsu baƙi ƙirin ya dira kan dutse kusa da kai, yana kaɗa wutsiya, ko gezau. Buzaye na kiransa mula-mula, suna kuma ɗaukarsa mai kawo alheri.

Tsawonsa bai wuce santimita 18 ba. Babba yana da fari fat a tsakar kai, kamar ya kafa hula. Amma kada hular ta ruɗe ka: wanda bai gama girma ba kansa baƙi ne gaba ɗaya, har ka rantse wani tsuntsu ne daban. Wutsiya za ka duba. Idan ya tashi, gindinta da gefunanta farare ne, baƙin yana tsakiya kawai. A karkarar Damagaram akwai wani baƙin tsuntsu mai sheƙa a bangon rijiya, ana iya ɗaukarsa shi ne, alhali farin wancan a fiffike yake.

Ko da yake ɗan hamada ne, tudun rairayi bai dame shi ba. Dutse yake so, da kwazazzabo, da kangon gini. Shi ya sa in kana son ganinsa a jihar Damagaram sai ka nausa arewa da Gure, wajen duwatsun Tarmit, yankin da gwamnati ta keɓe domin namun daji a 2012.

Abincinsa ƙwari ne, amma ba ya raina guntun tuwo a bakin zango. Sheƙa kuwa a tsagin dutse ko ramin bango yake yinta, ya yi ta jido ƙananan tsakuwa da baki yana jerawa a ƙofar. Ka ga tarin tsakuwar, sai ka yi mamakin ɗan bakin da ya kwaso su.

Da sassafe ya fi rera waƙa, cikin siririn fito mai daɗi, yana cusa kwaikwayon kukan wasu tsuntsaye a ciki. Ba ya ƙaura kamar danginsa da ke zuwa mana daga Turai lokacin hunturu. Dutsen da ka bar shi bara, can za ka neme shi bana.