Dorina: Kallon Kitse Ake wa Rogo

Yawancinmu a gadon baya muka fara sanin dorina, tun kafin mu gan ta a ruwa. Wanda ya taɓa kutsawa gaban dawaki ranar hawan sallah har dogari ya zabga masa ɗaya, ba sai an yi masa bayanin kaurin fatar wannan dabba ba, jiki magayi. Abin da ke ba ni dariya shi ne bulalar da aka yanko daga jikinta ta fi ta kwarjini a idon jama'a. Nuna wa yaro hotonta, cewa zai yi ga wata luƙuƙuwar saniya tana murmushi. A 2024 ma duniya ta ɗauki wata jaririyar dorina mai suna Moo Deng, da aka haifa a wani gidan namun daji a Tailan, ta yi ta yawo da ita a wayoyi. Ita daga ƙaramin jinsi take, na kurmin Laberiya da maƙwabtanta, amma farin jininta ya shafi har manyan. 'Yata da kanta ta ce in sayo mata irinta.

Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska. A kan ɗan Adam na yarda, a kan dorina kuwa karin ya faɗi. Wannan hammar da masu ɗaukar hoto ke so, wadda take wage baki kamar mai jin barci bayan ta ƙoshi, ba hamma ba ce. Haƙora take nunawa, kuma fiƙar babban namiji takan kai rabin mita. Wanda ya ga haka ya tsaya gyara kyamara, gargaɗi aka yi masa bai ji yaren ba.

Na fara ganinta ido da ido a Ayoru, arewa da Yamai, shekarun baya lokacin da hanya take lafiya. Wani dattijo masunci ne ya ɗauke mu a kwalekwale da hantsi. Tun da muka bar gaɓa yake buga itacen tuƙinsa a jikin jirgin, ƙwas, ƙwas, na ɗauka al'ada ce kawai.

"Baba, wannan bugun fa?"

"Sallama nake yi, ɗana. Kai kana shiga gidan mutane ba sallama?"

A nan ne muka yi musun da har yau nake juya shi a raina. Na ce masa masana sun tabbatar dorina ba ta iya iyo. Ya yi mini kallon da ake wa wanda boko ya taɓa wa kai. Dabbar da ke yini a ruwa, ta yi barbara a ruwa, ɗanta ya sha nono a ƙarƙashin ruwa, ita ce ba ta iya iyo? Ya ce ya sha ganin ta nutse a nan ta ɓullo can kafin ka ƙifta ido, to da me ta je, da jaki?

Gaskiyar masana ita ce jikinta ya yi wa ruwa nauyi. Ƙasusuwanta a cike suke, ba ta tasowa sama kamar ƙwarya. Tafiya take yi a ƙasan kogi, ta dogara ƙafa ta tunkuɗa, ta yi tsalle mai nisa a hankali, ta sake dira. Tana iya ɗauke numfashi kamar minti 5, kuma ko barci take yi, jikin da kansa yake tasowa ya shaƙi iska ya koma ba tare da ta farka ba. Na zayyana wa dattijon duk wannan. Ya ce to, in haka ne, sunan abin ne ya dame mu. Ni kuma da na yi tunani daga baya, na ga kowannenmu ya riƙe rabin gaskiya, sai dai rabin nasa ne ke ceton rai. Ko iyo ne ko gudu, ta fi mai tuƙi da hannu sauri. Rabin nawa kuma bai tashi a banza ba, domin shi ya bayyana mini dalilin da ya sa take yawan shiga harkar mutane. Tunda sai ƙafarta ta taɓa ƙasa, ba ta son zurfi. Wurin da take zaɓa shi ne daidai inda masunci ke jefa koma, inda mata ke wanki, inda jirgin fito ke ratsawa. Kuma daga ƙasa take zuwa, da nauyin da ya kai tan ɗaya da rabi, wani namijin ma ya ninka haka. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, kwalekwale kuwa ba sa'anta ba.

A watan Nuwamba na 2014, a Libore kusa da Yamai, dorina ta kife jirgin da ke ɗauke da 'yan makaranta, mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki yara. Allah ya jiƙan su. Wanda ya ji wannan labari ba zai ƙara yi mata kallon 'yar tsana ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa muguwa ce. Ba farautar mutum take yi ba. Namiji yana tsare yankinsa na ruwa, mace tana tsare ɗanta, shi ke nan. Da dare takan hau tudu kiwo, ta cinye ciyawa kamar kilo 40, kuma gonar shinkafar bakin kogi ita da makiyaya duk ɗaya ne a wurinta. Da asuba tana komawa ta turbar da ta saba bi. Manomin da ya yi sammako ya faɗa tsakaninta da ruwa, shi ne ya tare mata hanyar gida. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, amma a nan gudun ma ba ya fisshe ka, don waɗannan gajerun ƙafafu sukan yi kilomita 30 a awa.

Akwai adadin da ake ta maimaitawa, wai tana kashe mutum 500 duk shekara a Afirka. Ni dai nakan ɗaga gira. Adadi ne mai santsi da yawa, kuma wa ke zaune a kowane mashigi daga Kogin Kwara zuwa Zambezi yana ƙirgawa? Yana iya fin haka, yana iya gazawa. Batun cin nama kuma, an taɓa ganinta tana cin mushe, har an rubuta, amma ba cimarta ba ce. Wanda ta ciza, tofar da shi take yi, ko da yake wannan ba wani sauƙi ba ne ga wanda aka ciza.

Sai masu cewa ai in ka rene ta tun tana ƙarama za ta san ka. Wani manomi a Afirka ta Kudu ya gwada. Ya reni ɗan dorina da ambaliya ta raba da uwarsa, ya sa masa suna Humphrey, yana hawa bayansa ana ɗaukar hoto, yana cewa kamar ɗa yake a wurinsa. A 2011 aka tsinci gawarsa a kogi da raunukan cizon dabbar. Sabo turken wawa.

A Ayoru, mun yi kusan rabin awa kafin mu ga komai. Can sai ga wasu kunnuwa biyu suna kaɗawa bisa ruwa, da idanu, da hanci yana feshi. Na ƙirga bakwai, dattijo ya ce goma sha ɗaya ne, sauran suna ƙasa. Na roƙe shi ya ɗan matsa don hoton ya fito. Bai amsa ba, sai ya nuna mini wani ɗan ƙaramin kai da ya ɓullo a gefen wata babba, ya juya hancin jirgin zuwa gaɓa.

"Baba, ai ko motsi ba ta yi ba."

"Ita ba ta motsa ba, ɗana. Wadda ke bayanta fa, ina ta shiga?"

Na waiwaya na sake ƙirgawa, shida na samu.