Bitar Bayan Aji ga Ɗaliban Kwamfuta

Bitar bayan aji zama ne na koyo a aikace da ake shirya wa ɗalibai a gefen kwas ɗinsu, babu maki babu jarrabawa. A fannin kwamfuta, wani giɓi ne ya haifar da ita. Lacca tana koyar da ƙa'idoji da dabarun warware matsala, amma kayan aikin yau da kullum, irin su allon rubuta umarni na Unix, da Git mai adana tarihin duk gyaran da aka yi wa shirin kwamfuta, da hanyar gano inda shiri ya cije, galibi ana barin ɗalibi ya tsince su da kansa. Wanda ya tashi da kwamfuta a gida yakan tsinta. Wanda sai a jami'a ya fara taɓa ta yakan kwana yana fama da abin da umarni ɗaya zai gama, har ya soma zargin ƙwaƙwalwarsa, alhali laifin ba nata ba ne.

Giɓin bai bar manyan jami'o'i ba. A Janairun 2020, wasu ɗaliban digiri na uku a MIT ta Amurka, Anish Athalye da Jon Gjengset da Jose Javier Gonzalez Ortiz, suka gabatar da darussan da suka raɗa wa suna Missing Semester, a watan da jami'ar ke keɓewa don karatun ganin dama. Zama 11 ne na kusan awa ɗaya, da atisaye a bayansu, kuma bidiyoyin suna YouTube kyauta.

Yadda ake tafiyar da zaman ya fi jerin batutuwan muhimmanci. Ƙungiyar Software Carpentry, da ta soma a 1998 a cibiyar bincike ta Los Alamos, ta shahara da bitar kwana biyu inda malami ke rubuta shiri a gaban kowa, mahalarta suna binsa a kwamfutocinsu. Idan ya yi kuskure, a nan zai karanta saƙon da na'ura ta fitar, ya gyara kowa yana kallo, kuma wannan shi ne abin da lacca ba ta cika nunawa ba. Kowane mahalarci yana da 'yan takardu masu liƙewa kala biyu: ɗaya ta ce ya gama, ɗaya ta ce ya maƙale. Da ya manna ta biyun a bayan allonsa, mataimaki zai zo, ba sai ya ɗaga hannu ya ji kunya ba.

Sunan da aka ba bitar ma yana da tasiri. A shekarun 1970, Uri Treisman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya lura cewa ɗaliban lissafin da ke karatu a rukuni sun fi masu karatu su kaɗai cin nasara. Bitar da ya kafa bai kira ta ajin masu rauni ba. Tambayoyi masu wuya ya ba su su warware tare. Wannan darasi ya dace da kwamfuta sosai, domin ɗalibi yakan guje wa duk zaman da zai nuna shi a matsayin na baya.

Babbar matsalar ita ce halarta. Tunda ba dole, masu himma ne suka fi zuwa, masu buƙata kuma su noƙe, saboda haka ganin mahalarta sun fi maki bai isa hujjar cewa bitar ce sanadi ba. Abin da ke taimakawa shi ne ɗaure ta da jadawalin kwas: a yi bitar Git mako guda kafin aikin rukuni, malamin kwas ya sanar da bakinsa, 'yan aji na gaba su zama mataimaka. A jami'o'in Najeriya, inda ƙungiyar ɗaliban kwamfuta ta NACOS ke da rassa, ana iya zaunar da mutum biyu a kwamfuta ɗaya suna karɓa-karɓa, kuma da zarar an girka Git da allon umarni, yawancin atisayen ba ya buƙatar intanet.