Babbar jijiyar ciki: ciwon Turawa ne, ko mu ne ba mu duba ba?

Akwai babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya ta gangaro ta bayan hanji, faɗinta kusan santimita 2. Daidai cibiya sai ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi ƙafa ɗaya. Ta hanya biyu take lalacewa: ko ta kumbura har ta fashe, ko ta tsuke jini ya kasa wucewa.

Kumburin ya fi kama Turawa, musamman tsofaffin maza masu shan sigari. Shi ya kashe Albert Einstein a 1955, da Charles de Gaulle na Faransa a 1970. A Ingila duk namijin da ya cika shekara 65 ana kiransa a yi masa hoton ciki. In faɗin jijiyar ya kai santimita 3 a sa masa ido, in ya kai 5.5 a fara maganar tiyata. Binciken Amurka ya nuna baƙar fata ba su kai Turawa yawan kumburin ba.

Sai dai kada mutumin Kajiji a jihar Sakkwato ya saki jiki da wannan. Can neman ciwon ake yi. Nan kuwa dattijo zai yi ta kukan baya, ya yanke jiki ya faɗi, a rufe shi kafin la'asar. Ajali ne, ba musu, amma wa ya binciki sanadin? A Afirka ma an sha ganin kumburin ga masu ƙananan shekaru, ta dalilin ƙanjamau, tarin fuka ko tunjere.

Tsukewar ce ta fi kusa da mu, don a Amurka toshewar jijiyoyin ƙafa ta fi yawa ga baƙar fata. Hawan jini da ciwon suga da taba ke share mata hanya. Magidanci zai taso daga tasha ya nufi kasuwa, cinyoyi da ɗuwawu su ƙage, ya tsaya kamar mai gaisawa da wani, ciwon ya lafa, ya ɗan taɓa tafiya ya dawo. Sau da yawa har ƙarfin mazakuta kan ragu, tunda daga waɗannan rassa gaba ke samun jini.

Mai mota da lasifika ranar kasuwa zai ce masa basir ne ko sanyi, ya miƙa masa gora. Likita kuwa yatsa zai ɗora a mahaɗar cinya da mara. In bai ji bugun jini ba, tafiya ta kama ta Shagari da Boɗinga zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In har yatsan ƙafa ya yi gyambon da ya ƙi warkewa, ba a jira a gama girbi.