Tal National: alƙali da rana, makaɗi da dare

A ƙasarmu Nijar, inda har yau iyaye da dama suke ganin duk wanda ya rataya gitar ya bi hanyar roƙo ko ta shashanci, labarin Hamadal Issoufou Moumine, wanda birnin Yamai ya fi sani da laƙabin Almeida, abin a tsaya a duba ne. Mutumin ya taɓa buga ƙwallon ƙafa, ya zauna kujerar alƙali yana raba gardama tsakanin jama'a, ya kuma yi hidimar marayu a gidan yara na SOS. Amma idan dare ya yi, sai ya ajiye takardun shari'a ya ɗauki gitar, ya shiga gaban ƙungiyar makaɗan da ya kafa a shekarar 2000, wato Tal National.

Abin da ya fid da wannan ƙungiya daga cikin takwarorinta, tun kafin Turawa su san da ita, shi ne wasa a gaban jama'a. A shekarun da sunanta ya cika Yamai, dare biyar take wasa a mako, kuma kowane wasa yakan kai awa biyar ba a tsaya ba. Wanda ya san nauyin ganga da zafin Yamai a watan Afrilu ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Dabarar da suka yi ita ce ta yawan hannu: makaɗa da mawaƙa sun haura goma, amma kamar shida ne ke kan dandali lokaci guda, idan wannan ya gaji wancan ya karɓa ba tare da kiɗa ya yanke ba. Idan kuwa gayyata biyu ta haɗu a dare ɗaya, sai su rabu gida biyu, kowane ɓangare ya tafi da sunan Tal National. Ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Damagaram za su gane wannan lissafi, domin ba shi da bambanci da buɗe shago na biyu a sa ƙane ya tsare.

A cikinsu akwai Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kuma kowa ya zo da kiɗan gidansu. Shi ya sa mai sauraro zai ji kalangu yana amsa wa gitar, waƙa ta tashi da wannan harshe ta sauka da wancan, ba tare da an yi wa kowa jawabin haɗin kan ƙasa ba.

Sai dai tambayar da ta kamata ita ce: me ya sa ƙungiyar da ta yi irin wannan suna take kwana kan dandali haka? Amsar ba ta da daɗi. A wancan lokaci babu kamfanin da ke rarraba faifai a ƙasar, har ya kai su da kansu suka riƙa tsayawa a mararrabar hanyoyin Yamai suna sayar da faifan CD ɗinsu hannu da hannu. An kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA tun 1995, amma daga zamanin kaset zuwa na katin waya, kwafar waƙa ba izini ta fi ƙarfin doka, kuma da yawa daga cikinmu da ke yabon mawaƙan ba mu taɓa ba su ko dala ba. Abin da ya rage wa makaɗi shi ne guminsa na daren nan: kuɗin shiga, kuɗin biki, da liƙin masu rawa.

Ko wajen ɗaukar sauti ma sai da aka yi dabara. Almeida ya lissafa ya ga cewa kawo gwani guda daga waje da kayan aikinsa ya fi araha bisa ɗaukar ƙungiya sukutum zuwa Nijeriya ko Gana. Haka Jamie Carter, wani ma'aikacin sauti na birnin Shikago a Amurka, ya zo Yamai ya ɗauki waƙoƙinsu. Daga wannan aiki ne faifan Kaani ya fito a 2013 ta hannun kamfanin FatCat na Ingila, Zoy Zoy ya biyo a 2015, sai Tantabara a 2018, kuma ƙungiyar ta yi rangadi har Amurka.

A ganina, ma'aikacin gwamnati da ke fita biro da yamma ya rasa inda zai sa kansa ban da fada da shayi, shi ya fi kowa dacewa ya duba wannan rayuwa. Almeida bai ɗauki kiɗa abin kunya ga rigar alƙali ba, bai kuma jira wata ma'aikata ta ɗauki nauyinsa ba. Waɗanda suka riƙe ƙungiyar shekara goma sha uku kafin faifanta ya shiga kasuwar Turai su ne mutanen unguwannin Yamai da ke biyan kuɗin shiga da masu gayyatarta biki.